Yadda ofis zai karɓo bayanan firinta da sauran na'urorinsa daga hannun kamfani a Tarayyar Turai

Babbar firintar ofis, irin wadda take bugawa ta yi fotokwafi ta kuma yi sikanin, ba shiru take zaune ba. Kullum tana aika rahoto ta intanet zuwa ga kamfanin da ya ƙera ta ko dilan da ya ba da hayarta: shafi nawa aka buga, nawa ne masu kala, saura tona nawa, wato hodar da ake bugu da ita, sau nawa takarda ta maƙale, wane ƙarfe ne ya kusa gajiya. Da wannan rahoton ake lissafa maka kuɗin wata, da shi kuma ake yanke shawarar ranar da za a turo mai gyara. Shekara da shekaru ofishin da ke biyan kuɗin ba ya ganin komai sai takardar biya. In ya ce zai kira wani mai gyara daban, sai a tarar sabon ba shi da tarihin injin, dole a koma wa na farko.

Wannan ne Tarayyar Turai ta taɓa da dokarta ta bayanai, wadda ake kira Data Act, mai lamba 2023/2854. Ta zama doka ranar 11 ga Janairu 2024, aka fara aiki da ita ranar 12 ga Satumba 2025. Abin da ta tanada a taƙaice shi ne: wanda ke amfani da na'ura mai haɗi da intanet yana da haƙƙin ya karɓi bayanan da amfaninsa ya haifar, kyauta, kuma yana iya umartar kamfani ya miƙa su ga wanda ya zaɓa. Za mu bi hanyar da firinta, amma matakan ɗaya ne ga na'urar buɗe ƙofa da kati, da na'urar daidaita zafi da sanyin ɗaki, da injin kofi na haya, da injin buga kan sarki a ambulan.

Da farko, tabbatar dokar ta shafe ka

Abubuwa uku ake dubawa, kuma in ɗaya ya faɗi, magana ta ƙare.

Wuri. Dokar tana aiki ne kan na'urar da aka shigar kasuwar Tarayyar, kuma mai amfani da ita yana cikin Tarayyar. Ƙasar da aka ƙera na'urar ba ta da tasiri. Kamfanin Japan ko na Amurka da ke sayarwa a Jamus yana ƙarƙashinta. Amma Ingila ta fita daga Tarayyar tun 2020, don haka ofishin da ke Landan ba ya ciki. Haka nan shagon fotokwafi a Kano ko Yamai da ya sayi injin gwanjo daga Beljiyam: injin ya fito daga Turai, amma haƙƙin bai biyo shi cikin kwantena ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana ba mutum damar neman bayanan da suka shafi kansa ne, ba ta kai ga mitar inji ba. Abin da mai irin wannan shago zai amfana da shi a nan shi ne dabarar karanta injin da hannunsa, da sharuɗɗan da zai sa a kwantiragi.

Matsayinka. Mai amfani a wurin dokar shi ne wanda ya mallaki na'urar, ko wanda kwantiragi ya ba shi damar amfani da ita na wani lokaci, ko wanda ake yi wa hidimar da ke tafiya da ita. Mutum ne ko kamfani, duk ɗaya. Ke nan ɗan haya ma mai amfani ne. Wannan yana da muhimmanci domin yawancin manyan firintocin ofis na haya ne, kuma amsar farko da dila kan bayar ita ce inji ba naku ba ne. Ba sai ya zama naku ba. Abin da zai iya ba ka matsala shi ne in kana zaune a ofishin haɗaka, inda mai ginin ne ya sa hannu a kwantiragin firintar. A nan shi ne mai amfani, sai dai in yarjejeniyarku ta ba ka damar amfani da ita a rubuce.

Girman kamfanin. Sashe na 7 ya ɗauke wa ƙananan kamfanoni wannan nauyi, wato masu ma'aikata ƙasa da 50 waɗanda cinikinsu na shekara ko jimillar kadararsu bai wuce Yuro miliyan 10 ba, matuƙar ba reshe ba ne na wani babban kamfani. Manyan masu ƙera firinta duk sun wuce wannan nesa ba kusa ba. Amma dilan unguwa da ke tattara rahoton da tasa manhajar yana iya fakewa a nan. In haka ta faru, kada ka tsaya jayayya da shi, ka duba ko injin yana aika rahoto zuwa ga kamfanin da ya ƙera shi, ka nufi can.

Tsufan injin ba hujja ba ne. Firintar da aka saya a 2021 tana ciki. Abin da ya bambanta shi ne na'urorin da aka shigar kasuwa bayan 12 ga Satumba 2026 dole a ƙera su ta yadda mai amfani zai samu bayanan cikin sauƙi tun daga tushe, kai tsaye inda hakan zai yiwu. Kuma bisa fassarar Hukumar Tarayyar Turai, haƙƙin ya shafi bayanan da aka samar daga 12 ga Satumba 2025 zuwa gaba ne. Na shekarun baya sai dai ka roƙa, in sun ga dama su ba ka.

Gano wanda bayanan ke hannunsa

A nan mutane da yawa suke ɓata wata guda. A kan firinta ɗaya ana iya samun hannu uku: kamfanin da ya ƙera, dilan da ya kawo yake gyara, da kamfanin kuɗi da ya saya ya ba ku haya. Na ukun nan galibi ba ya riƙe da komai sai takardun biya. Wanda dokar take kira mai riƙe da bayanai shi ne wanda rahoton ke isa hannunsa, yake kuma da ikon amfani da shi.

Hanyar ganewa ba wuya. Ka buga takardar saitin injin daga allonsa, ka nemo adireshin IP ɗinsa, ka rubuta shi a burauza. Shafin gudanarwa na injin zai buɗe. Ka shiga wajen saitin sadarwa ka duba ko an kunna hidimar kula daga nesa, da sunan uwar garken da yake magana da ita, wato babbar kwamfutar da ke karɓar rahoton. In a kashe take amma duk da haka dila yana sanin mitarku ba tare da ya zo ba, to akwai wata ƙaramar manhaja da aka sa a ɗaya daga cikin kwamfutocin ofis ko uwar garkenku, tana zagayawa tana tambayar firintoci tana turawa waje. Mai kula da kwamfutocinku zai same ta a jerin manhajojin da aka girka. Sunan da ke jikinta shi zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

In babu ko ɗaya, injin ba ya aika wa kowa komai, to babu wanda za ka nema wurinsa. Bayanan suna cikin injin, sai ka ɗebo da kanka.

Me ake ba ka, me ba a ba ka

Dokar ta tsaya kan bayanan da ke hannun kamfani, ko waɗanda zai iya ɗaukowa daga na'urar ba tare da wani babban aiki ba. Ta haɗa da ɗanyen bayani kamar yadda injin ya fitar, da wanda aka ɗan gyara don a iya karantawa, tare da bayanin da ke fassara shi. A firinta wannan yana nufin mitar shafuka gaba ɗaya da rabe-rabenta, baƙi da kala, A4 da A3, fuska ɗaya da fuska biyu. Matakin kowace tona. Yawan aikin da diram da fiyuza suka yi, diram shi ne mai ɗaukar tona zuwa takarda, fiyuza ita ce mai gasa tona ta kama takarda. Lambobin matsala da lokacin da kowace ta faru. Sigar manhajar injin. Lokutan barci da farkawa. Da wutar da ya sha in yana aunawa.

Abu biyu ba sa ciki. Na ɗaya, abin da kamfani ya ƙirƙiro daga bayanan da nasa lissafin mai zurfi. In manhajarsu ta hango cewa fiyuzarka za ta mutu nan da mako uku, wannan hasashen nasu ne. Abin da ke naka shi ne alƙaluman zafi da na shafuka da suka yi lissafin da su. Na biyu, abin da ke cikin takardun da aka buga ko aka yi wa sikanin. Wannan ba bayanin aikin inji ba ne, ana bin sa ne ta kwantiragi da dokar kare bayanan mutane.

Kada ka raina bayanin fassara. Fayil mai ɗauke da ginshiƙi da aka sa wa suna da lamba kawai, cike da alƙaluma, ba shi da amfani ko na sisi. Dokar ta ce a haɗo da abin da ake buƙata don fahimtar bayanan da amfani da su, don haka ka nemi ma'anar kowane ginshiƙi, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da ma'anar lambobin matsala.

Karanta injin da kanka kafin ka rubuta wasiƙa

Wannan matakin ba doka ce ta wajabta shi ba, amma shi ne ma'aunin da za ka gwada abin da za su turo. Kusan duk firintar ofis tana amsa tambaya ta hanyar SNMP, wato tsarin da kwamfuta ke tambayar na'urorin da ke kan layi halin da suke ciki, a tashar UDP 161, bisa tsarin da aka rubuta a RFC 3805. A kwamfutar da ke layi ɗaya da injin, in adireshinsa 192.168.1.50 ne misali, ana rubuta:

snmpwalk -v2c -c public 192.168.1.50 1.3.6.1.2.1.43

Daga dogon jerin da zai fito, layuka kaɗan ne ke da amfani. Wanda ya fara da 43.10.2.1.4 shi ne jimillar abin da injin ya buga tun fitowarsa. Wanda ya fara da 43.11.1.1.8 shi ne cikar kowace tona, 43.11.1.1.9 kuma abin da ya rage. In cika 12000 ne, ragowa 2400, saura kashi 20 cikin ɗari ke nan. Wani lokaci za ka ga -3 a wurin ragowa, ma'ana akwai saura amma injin bai faɗi adadi ba, ko -2, ma'ana bai sani ba. Ana yawan ganin haka in tonar ba ta kamfanin ba ce. Rabe-raben kala da girman takarda galibi ba sa cikin wannan tsari na kowa da kowa, kowane kamfani yana ajiye su a nasa reshen, shi ya sa za ka buƙaci su a fayil ɗinsu ko a takardar mita da ake bugawa daga allon injin.

Tun da ka shiga nan, ka lura da abu guda: in kalmar public ta yi aiki, to duk wanda ke kan layin ofis zai iya karanta injin. Bayan ka gama, ka sauya ta ko ka koma SNMPv3 mai kalmar sirri da ɓoye saƙo, amma ka sanar da dila tukun, don manhajarsa za ta daina ganin injin, tona kuma ta daina zuwa.

Iyaka ita ce: karanta ƙofar da aka bari a buɗe a injin da ke ofishinka daidai ne. Shiga shafin kamfani da kalmar sirrin mai gyara, ko bi ta wata ɓaraka a tsarinsu, dokar ta haramta a sashe na 4, kuma zai ba su hujjar da ba su da ita a da.

Ka buga takardar mita, ka rubuta rana da ƙarfe nawa a jikinta, ka ajiye.

Raba bayanan inji da na ma'aikata

Ga inda buƙatu da yawa suke maƙalewa. Firinta tana ajiye tarihin ayyuka: wane ne ya aika, sunan fayil, lokaci, shafi nawa. In ana amfani da kati wajen fitar da bugu, lambar katin ma tana ciki. Waɗannan bayanan mutane ne, dokar GDPR, wato dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar, ke iko da su, kuma Data Act ba ta ture ta ba. In ofis ne ke nema, ba ma'aikacin da abin ya shafa ba, kamfani ba zai bayar ba sai ofis yana da hujjar doka a ƙarƙashin sashe na 6 na GDPR. Sunan fayil kaɗai yana iya tona asiri. Ka yi tunanin takardar asibiti ko wasiƙar neman aiki a wani wuri da wani ya buga a ɓoye. Sa hannun ma'aikaci cewa ya yarda ba hujja ce mai ƙarfi ba, domin wanda ake biya albashi da wuya ya ce a'a. A Jamus akwai ƙari: inda akwai majalisar ma'aikata, tana da ta cewa kan duk na'urar da za a iya sa ido kan ma'aikata da ita.

Shawara mafi sauƙi ita ce ka raba buƙatar gida biyu. Ka fara da bayanan inji zalla, ka faɗa ƙarara cewa ba ka neman sunan kowa. Don duba lissafin kuɗi ko sauya mai gyara, wannan ya wadatar. In daga baya kana son sanin wane sashen ofis ne ya fi bugu, ka nemi jimilla ta sashe-sashe. Ko a nan ma a kula: sashen da mutum ɗaya ne a ciki, jimillarsa sunansa ce.

Rubuta buƙatar

Dokar ta ce buƙata mai sauƙi ta hanyar lantarki ta isa. Manyan kamfanoni da dama sun buɗe shafi na musamman ko fom saboda wannan; ka nema a shafinsu da sunan dokar. In babu, ka aika imel zuwa adireshin da ke kwantiragi, da harshen da aka rubuta kwantiragin. Abin da ya kamata ya ƙunsa, a jere: sunan ofis da lambar kwantiragi, samfurin kowane inji da lambar jikinsa, cewa ku masu amfani ne kuma kuna nema ne bisa sashe na 4 na doka 2023/2854, jerin bayanan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka lissafa a sama, daga wace rana zuwa wace rana, tsarin fayil, CSV ko JSON, bayanin fassara, da ko sau ɗaya kake so ko a kai a kai. In a kai a kai ne, ka nemi hanyar API, wato ƙofar da manhajarka za ta riƙa ɗauko bayanan kai tsaye daga tasu, domin dokar ta ce a bayar ba yankewa kuma nan take inda hakan ya dace kuma zai yiwu.

Kada ka rubuta a ba ka duk bayananku. Wanda ya ce duka, takarda guda mai jimilla ake turo masa, a ce an cika umarni.

Dokar ba ta sa adadin kwanaki ba, cewa ta yi ba tare da jinkirin da ba shi da dalili ba. Saboda haka kai ne za ka sa rana a wasiƙar. Kwana 14 ba zalunci ba ne ga bayanan da suke zaune a uwar garkensu. Suna da damar tabbatar da cewa kai ne mai amfani, amma ba su da damar neman fiye da abin da ake buƙata don hakan. Lambar kwantiragi da imel ɗin ofis sun isa. In aka nemi takardun cinikinku na shekara, ka tambayi dalili a rubuce.

Duba abin da ya iso

PDF ko hoton allo ba su cika sharaɗi ba, domin doka ta ce tsararren fayil da kwamfuta za ta iya karantawa, kuma ingancinsa daidai da wanda kamfanin yake da shi. In su suna samun rahoto kowace awa, suka ba ka jimillar wata, ba a ba ka haƙƙinka ba.

Kada ka buɗe CSV da danna shi sau biyu. Excel yana cinye sifilin farkon lambar inji, yana kuma mayar da doguwar lamba wani abu daban. Ka shigo da shi ta hanyar shigo da bayanai, ka sa ginshiƙin lambar inji a matsayin rubutu. Fayil ɗin da ya fito daga Jamus ko Faransa sau da yawa da waƙafi mai ɗigo ake raba ginshiƙansa, kuma waƙafi ne ke raba lamba da ɓurɓushinta, don haka 12,5 na nufin sha biyu da rabi. Ka duba lokaci ma: uwar garke kan rubuta da agogon duniya na UTC, wanda ke bayan agogon Berlin da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu a lokacin zafi. In agogon injin kansa ba daidai yake ba, duk tarihin matsalolin zai karkace.

Sai ka gwada da takardar mitar da ka ajiye. In an samu saɓani, kafin ka zargi kowa ka duba abubuwa uku. Wasu mitoci fuskar takarda suke ƙirgawa, wasu takarda sukutum, ke nan bugu mai fuska biyu yana iya zama ɗaya ko biyu. Kwantiragi da yawa suna lissafa A3 a matsayin shafi biyu: a ce kun buga 9,000 a wata, 600 daga ciki A3 ne, za ka ga 9,600 a takardar biya, kuma ba sata ba ce in haka aka rubuta. Na uku shi ne ya fi cin kuɗi a ɓoye: wasiƙa baƙa mai ɗan tambarin ofis mai launi a samanta, injin yana ƙirga ta a matsayin shafin kala, wanda kuɗinsa ya ninka na baƙi sau da yawa. In ka ga mitar kala ta yi yawa alhali tonar kala ba ta motsi, wannan ne dalili, kuma maganinsa a saitin kwamfutoci yake, a mayar da baƙi ya zama zaɓin farko.

Miƙa bayanan ga wani

Sashe na 5 ya ba ka damar umartar mai riƙe da bayanai ya tura su kai tsaye ga wani na uku, kamar mai gyara mai zaman kansa, ko kamfanin da ke duba kashe kuɗin bugu, ko sabon dilan da kake son ya ba ka farashi. Kai ba ka biyan komai. Amma wanda zai karɓa ana iya cajinsa kuɗi mai ma'ana, su yi tasu yarjejeniyar da kamfanin. In shi ƙarami ne ko matsakaicin kamfani, ma'aikata ƙasa da 250 da ciniki daidai gwargwado, ba a cajinsa fiye da ainihin kuɗin da aka kashe wajen tura masa. Ka tambaye shi tun farko ko zai ɗora maka wannan kuɗin a farashinsa, don yawanci nan yake ɓullowa.

Kafin a tura, ku rubuta yarjejeniya tsakaninka da shi: wane bayani, don wane aiki, har zuwa yaushe, da ranar da zai goge. Doka ta hana shi amfani da su don abin da ba ku shirya ba, ta hana shi miƙa wa wani sai da yarjejeniya da kai, ta kuma hana shi wahalar da kai in kana son dakatarwa.

Ba kowa ake iya zaɓa ba. Kamfanonin da Tarayyar ta ayyana a matsayin masu tsaron ƙofar kasuwar intanet, irin su Alphabet, Amazon, Apple, ByteDance, Meta da Microsoft, ba sa cikin waɗanda za a tura wa ta wannan hanya. Sannan ba za ka iya tilasta kamfani ya tura wa wanda ke wajen Tarayyar ba. In mai kula da kwamfutocinku yana Abuja ne ko Akara, sai ka karɓa da kanka sannan ka ba shi, ka kuma tabbatar babu bayanan ma'aikata a ciki, domin fitar da su waje yana da nasa sharuɗɗan a GDPR.

Abin da aka hana kai da wanda ka sa aka tura wa duka shi ne amfani da bayanan wajen ƙera na'urar da za ta yi gogayya da wadda suka fito daga cikinta, ko leƙen halin kasuwancin kamfanin. Gogayya a gyara da hidima kuwa halal ce, ita ce ma manufar dokar. Sai dai haƙƙin bayanai bai warware kwantiragin gyara da ka riga ka sa wa hannu ba. In saura shekara biyu, za ka ci gaba da biya, kuma in wani ya buɗe injin haya ba da izini ba, garanti na iya tashi. Amfanin bayanan a wannan hali shi ne shirin ciniki kafin wa'adi ya cika.

In sun ƙi

Hujjar da aka fi kawowa ita ce sirrin kasuwanci, musamman kan lambobin matsala. Wannan kalma kaɗai ba ta rufe ƙofa. Dole su nuna takamaimai wane bayani ne sirrin, sannan ku amince kan matakan kare shi, kamar yarjejeniyar riƙe sirri da taƙaita masu gani. In ba ku daidaita ba, ko ka saɓa abin da aka shirya, suna iya dakatar da wannan ɓangaren kawai, da dalili a rubuce, kuma sai sun sanar da hukumar ƙasar. Ƙin bayarwa ɗungurungum sai a yanayi na musamman, inda suka nuna da hujja cewa babbar asara za ta same su duk da matakan. Mitar shafuka da matakin tona ba su kai nan ba. Hujja ta biyu ita ce tsaro, kuma ita ma sai in bayarwar za ta karya sharaɗin tsaro da doka ta gindaya har ta jefa lafiyar mutane cikin haɗari, abin da ya fi kusa da na'urar ƙofa fiye da firinta.

In suka nuna maka layi a kwantiragi da ke cewa kun yafe wannan haƙƙi, sashe na 7 ya ce irin wannan sharaɗi ba ya ɗaure mai amfani.

Ka sake rubutawa sau ɗaya, ka nemi dalilin ƙin a rubuce da sashen da suka dogara da shi. Daga nan hanya uku ce: ƙorafi ga hukumar da ƙasar da ofishinku yake ta naɗa, kuma Hukumar Tarayyar Turai tana ajiye jerin waɗannan hukumomi a fili, ko cibiyar sasanci mai lasisi in ku biyun kun yarda, wadda dole ta yanke hukunci cikin kwana 90, ko kotu. Ka haɗa kwantiragi, wasiƙunku da ranakunsu, fayil ɗin da suka turo, da takardar mita.

Kafin sabon kwantiragi, da ranar mayar da inji

Mai sayarwa ko mai ba da haya dole ya gaya maka, kafin ka sa hannu, irin bayanan da na'urar ke samarwa, tsarinsu da kimanin yawansu, ko a cikinta ake ajiyewa ko a uwar garke da tsawon lokacin ajiya, da yadda za ka ɗauko ko ka goge. In akwai hidimar kula daga nesa, sai an faɗa maka wane ne mai riƙewa, me zai yi da su, da ko zai ba wasu. Ka nemi wannan takarda a haɗa ta da kwantiragi. Kuma ka san ƙarfin da ke hannunka: kamfani ba shi da ikon amfani da bayanan injin da ba na mutane ba sai bisa yarjejeniya da kai. In suna son amfani da su wajen inganta kayansu, abin ciniki ne. Kana iya amincewa a madadin API kyauta ga mai gyaran da ka zaɓa, ko ka taƙaita su ga lissafin kuɗi da turo tona.

Ka sa a rubuta cewa asusun shafin kamfani da sunan ofis za a buɗe, da imel ɗin ofis, ba na ma'aikaci ɗaya da zai iya barin aiki gobe ba, ba kuma na dila ba.

Ranar da haya ta ƙare, kafin motar ɗauka ta iso, ka sauke bayanan ƙarshe daga shafin, domin ana rufe asusu da zarar kwantiragi ya mutu. Ka buga takardar mita, kai da direban ku sa hannu. Ka fitar da littafin adireshi na injin, ka goge shi tare da kalmomin sirrin imel da na manyan fayilolin sikanin. Sannan ka kunna aikin share faifan ajiyar bayanan injin da ke cikin saitin mai gudanarwa. A babban inji yana iya ɗaukar awoyi, don haka a fara tun jajibiri. In samfurin ba shi da wannan aiki, ka nemi a cire faifan a bar maka, ko a ba ka shaidar sharewa a rubuce mai ɗauke da lambar injin. Daga ƙarshe a cire manhajar tattara rahoto daga kwamfutar da aka girka ta, don in aka bar ta za ta ci gaba da leƙa sabuwar firintar tana aika wa tsohon dila.